Abin da canja mashin a tsakiyar inshora ya ci min a Ingila

Tunda na fara zuwa masallacin Juma'a da sabon mashin ɗin nan kowa tambayarsa ɗaya ce, nawa ka saya, nawa ka saya. Ba wanda ya taɓa cewa nawa ka kashe kafin doka ta yarda ka hau shi ka fito titi, alhali nan ne na sha wahala ba wajen ciniki ba. Kuma nasan akwai 'yan uwa da yawa a nan da suke kan ƙaramin mashin suna shirin haurawa babba, shi yasa nace bari in rubuta yadda tawa ta kasance da lissafinta gaba ɗaya, ko wani zai tsallake ramin da na faɗa.

Ni a Manchesta nake, unguwar Moston, aikina kuma a wani gidan kula da tsofaffi ne can Bolton. Duk wanda yake irin aikin nan yasan dutin safe ƙarfe bakwai ake karɓa, in kace bas za ka bi toh sai ka fito tun kafin asuba ka tsaya cikin sanyi kana canja mota, in ɗaya ta makara shikenan ranar ta lalace. Wannan ne yasa a watan Oktoba na 2022 na sayi Honda CB125F na hannu. Ni dai tun ina sakandare a Kano nake hawa mashin, Jincheng ɗin babanmu na fara koya dashi daga baya na riƙe Boxer shekara da shekaru, amma da kazo nan duk wannan ba a lissafa maka shi ko na kwana ɗaya. Lasin Najeriya ba a musanya shi da nasu. Sai ka nemi lasin koyo, kaje kayi horon kwana ɗaya da suke cewa CBT, su baka takarda mai aiki shekara biyu, ka liƙa jan L gaba da baya, injin kar ya wuce 125, ba goyo, kuma ba hawa manyan hanyoyinsu irin M60 da M61. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna, dan M60 gata nan kusa da gidana amma kullum sai dai in bi cikin gari ta Prestwich da Whitefield danja bayan danja.

Inshorar kuwa ta hannun dillali na yanka, kuma wannan abu ne da ban gane muhimmancinsa ba sai daga baya. Sunan da kake gani a saman takarda, wanda kake bugawa waya, yawanci dillali ne kawai, ainihin kamfanin da ya ɗauki nauyin haɗarin daban ne, sunansa yana can ƙasa a ƙananan rubutu. Da shekarar farko ta cika lafiya ba haɗari sai suka rubuta min shekara ɗaya ta rangwamen rashin haɗari, wanda suke kira NCB, na sabunta a Oktoban 2023 akan fam 396. A kan wannan suka ɗora min wasu ƙananan abubuwa uku, taimakon lauya, masu zuwa su ɗauke ka in mashin ya mutu a hanya, da inshorar hular kwano da jaket, su ukun fam 105. Lokacin iyalina basu daɗe da isowa ba kuɗi ya ƙare a haya da kayan sanyin yara, dole na zaɓi biyan wata-wata, na bada wani abu a farko sauran a raba sau goma. Gaskiya raina bai so ba, dan biyan wata-watan nan bashi ne wani kamfanin daban yake baka kuma da kuɗin ruwa a kai, a takarda ma haka aka rubuta ƙarara. Na sa hannu ina istigfari.

Takardar CBT ɗina zata mutu a Oktoban 2024, sai nace maimakon in sake biyan kuɗi in maimaita gara in yi cikakken lasin gaba ɗaya tunda na wuce shekara 24. Jarrabawar kwamfuta fam 23, ta fili fam 15.50, ta titi fam 75, waɗannan na gwamnati ne basu da yawa, makarantar koyon ce take cin kuɗi. Cikin ikon Allah a watan Mayu na ci. Washegari na cire L ɗin nan na buga wa dillalin waya na gaya musu lasina ya canja, dan ƙa'ida ce duk abin da ya canja ka sanar dasu. Yarinyar ta taya ni murna, tace kuɗina ya ragu da fam 11, sannan tace akwai kuɗin gyaran takarda fam 35. Wato na sanar dasu labari mai daɗi na tashi da asarar fam 24. A lokacin ban yi magana ba, murna ta hana ni tsayawa in tambaya, amma wannan fam 35 ɗin ku riƙe ta zamu dawo kanta.

Wata ɗaya bayan nan na ga Honda CB500F a wajen wani dattijon Bature a Preston, mashin mai tsafta, ya ajiye duk rasit na sabis a cikin fayil, MOT ɗinsa, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, saura wata tara. Kafin in je na shiga irin shafukan nan da suke jero maka farashin kamfanoni da yawa, na zuba lambar mashin da bayanaina, mafi sauƙi ya fito fam 690 a shekara. Sai na yi lissafi irin na kasuwa, nace ai 690 in ka cire 396 saura 294, ni kuma wata huɗu ya rage min wato kashi ɗaya cikin uku, kenan kusan fam ɗari zan ƙara shikenan. Da wannan lissafin na je na duba mashin, muka daidaita, na ba dattijon kafin alƙalami fam 200 akan zan zo in ɗauka Asabar mai zuwa. Kuskurena kenan kuma shi nake so kowa ya lura dashi, na bada kuɗi kafin in kira masu inshorar da nake hannunsu.

Ranar Litinin da daddare na shiga shafin dillalin dan in canja da kaina, na sa sabuwar lamba, abin ya ɗan yi juyi sai ya rubuto wai ba zai iya kammalawa ba in kira su. Talata ina hutun rabin awa a wajen aiki na fita bayan kicin inda ake ajiye kwandunan shara na kira, aka barni a layi ana min kiɗa minti ashirin da wani abu, hutuna ya kusa ƙarewa sannan wata mata ta ɗauka. Ta karɓi lamba, ta tambayi kuɗin da na saye shi, mil nawa zan yi a shekara, an canja masa wani abu ko yadda kamfani ya yi shi yake, sai tazo kan inda zai dinga kwana. Nace a ƙofar gida bakin titi inda ƙaramin yake kwana. Ta yi shiru ina jin ƙarar maɓallan kwamfuta, can tace tayi haƙuri kamfanin da nake ƙarƙashinsa ba zai karɓi wannan mashin ba a wannan unguwar matuƙar a titi zai kwana.

Kai, gabana ya faɗi. Nace Hajiya, a zuciyata kenan dan a baki madam nace mata, ai kwanan nan na ga 690. Tayi min bayani a hankali kuma na gode mata dan bata yi min gaggawa ba, tace wancan farashin na wani kamfani ne daban cikin gomman da shafin ya tambaya, shi yake neman irina, amma ni yanzu a ɗaure nake da kamfani ɗaya tal har Oktoba, wanda ya karɓe ni ne a matsayin mai ƙaramin mashin, in ya ga dama ya karɓi babban in bai ga dama ba ya ƙi, in ma ya karɓa da farashinsa zai karɓa ba da na kasuwa ba. Nan ne na fara gane cewa a tsakiyar shekara ba ciniki kake ba, abin da aka yanka maka shi zaka ɗauka ko ka fasa.

Na tambaye ta toh in na fasa fa. Tace za a dawo min da na wata huɗu daga 396 ɗin wato fam 132, a cire kuɗin sokewa fam 50, saura 82. Ƙananan abubuwan nan uku na fam 105 ba a dawo da ko kwabo. Sannan tunda wata-wata nake biya kuɗin ba hannuna zai zo ba, wajen masu bashin zai tafi, kuma saura biya biyu a kaina wajen fam 91, kenan in na soke ni za su biyo wajen fam 10. Ga babbar kuma, wata takwas da na yi ina lallaɓawa ba haɗari duk sun tafi a banza, dan ba a baka shekarar rangwame sai ka cika wata goma sha biyu cif a inshora ɗaya. Nace mata zan sake kira, na koma ciki na ci gaba da raba wa tsofaffi shayi hankalina yana wani waje.

Da yamma na biya gidan wani yayanmu ɗan Zariya da ya fi shekara goma sha biyar a ƙasar nan, shi muke kai wa duk wata takarda da ta sha mana kai. Akwai wani saurayi a wajen, yana jin labarin yace haba ai abu ne mai sauƙi, ka kira kace kana da gareji mana, wa zai zo ya duba. Yaya ya kalle shi yace kai yaro kar ka ƙara ba wani wannan shawarar. Ya juyo yace min, ƙanina, ranar da aka sace mashin ɗin nan abu na farko da za su tambaya daga ina aka ɗauke shi, za su ce ka turo hoton garejin, in suka gane da gangan ka faɗi abin da ba haka ba doka ta basu dama su ce kamar ba a taɓa yin inshorar ba, su hana ka kuɗi su riƙe wanda ka biya, sannan duk inda ka je neman wata sai an tambaye ka ko an taɓa soke maka inshora, wannan tabon baya gogewa da wuri. Nace Yaya ko babu wannan ma ni bazan iya ba, mutum yana neman halal a ƙasar mutane ya ɗora ta akan ƙarya. Yace toh madalla, yanzu gaya min gidan naka ba shi da ɗan tsakar gida ta baya. Nace akwai, mai katanga da ƙofar katako da take fita lungu, sai dai tarkace ne a ciki. Yace toh can ne amsarka take.

Daren nan ni da Maman Ummi muka zauna a teburin kicin bayan yara sun yi barci, na juya takardar jadawalin dutina na dinga rubuta hanyoyin a bayanta. Ita ta kawo shawarar da na fi so da farko, tace Abban Ummi me zai hana ka bar ta ƙaramin ta ci gaba da tafiya har Oktoba ka yanki sabuwa daban wa babban. Na gwada a shafin, amma rangwamen nan ba a amfani dashi akan mashin biyu a lokaci ɗaya, kenan babban zai fara daga sifili, farashin ya haura fam 900, kuma dole in riƙe ƙaramin har Oktoba alhali da kuɗinsa nake so in cike gurbin da na yi. Wani zai ce ka sayar mana ka bar inshorar tana tafiya kawai dan ka cika shekara. Kar wanda ya yi wannan dan Allah. In wanda ya saya ya je ya buge mutum kuma ba shi da tasa, kamfaninka ne sunansa yake kan lambar, ana iya tilasta masa ya biya, shi kuma ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa, kuma kuɗin raunin mutum a nan ba abin da ɗan aikin wata zai iya biya bane har ya mutu.

Akwai kuma haƙuri, in ɗauko babban a mota in kulle shi har Oktoba. Wannan ita ce mafi arha a takarda kuma duk wanda zai iya ita nake ba shi shawara, ko ma ya jinkirta sayen har sai inshorarsa ta kusa cika. Amma ni wata huɗun nan sune rani gaba ɗaya, lokacin da titi yake bushe rana take kai wa ƙarfe tara da wani abu, shi ne lokacin da ya kamata sabon hannu ya saba da babban mashin, bana so ranar farkona a M60 ta zama cikin duhu da ruwan Nuwamba.

Laraba na kira mai gidan da nake haya na nemi izini in dasa ƙarfe a simintin baya, ya yarda da sharaɗin in na tashi in bar masa shi. Na kwashe tarkacen, tsohuwar katifa da wasu robobin fenti, na auna ƙofar lungun da igiya dan in tabbatar kan mashin zai shige, ya shige da ƙyar saura kamar yatsu uku kowane gefe. Na sayo ƙarfen dasawa da sarƙa mai kauri da kwaɗo masu tambarin ingancin makullai na Sold Secure, su duka fam 140, sarƙar kaɗai in ka ɗaga sai ka ji a kafaɗa. Wani ɗan Ghana maƙwabcinmu Bahaushen Kumasi ya aro min na'urar huda siminti muka yi aikin tare kafin magariba.

Alhamis na sake kira, wannan karon na ɗauki safiyar da ba ni da duti, biro da takarda a gabana. Wani namiji ne ya ɗauka. Na gaya masa yanzu mashin zai kwana a cikin gida bayan katanga, ƙofa a kulle, ɗaure da sarƙa a ƙarfen ƙasa. Ya shigar, yace kamfanin ya karɓa, ƙarin fam 196 na wata huɗun. Na lissafa a gefe, 196 sau uku a haɗa da 396, kenan suna min farashin kusan fam dubu a shekara akan abin da kasuwa take sayarwa 690. Na gaya masa haka, yace ya gane amma ba shi da ikon taɓa wannan lambar daga kamfanin take fitowa.

Sai ya shiga wasu tambayoyi da ban yi tsammani ba kuma naji daɗi da ya yi su. Yace zan dinga yin goyo, nace eh mana ai rabin dalilin yin lasin kenan, yace toh sai an rubuta dan tsohuwar takardata ba goyo a ciki. Yace wajen aiki ɗaya nake zuwa kullum, nace eh, sai na tuna wani lokacin in ma'aikata sun yi ƙaranci ana tura ni ɗaya gidan nasu na Farnworth, na faɗa masa. Yace wanda nake dashi na zuwa wajen aiki guda ɗaya ne tak, in ana tura ni wurare daban sai an mayar dashi na harkar aiki. Jama'a masu aikin bi gida-gida kuna duba tsofaffi, wannan ku ya fi shafa, ku je ku duba takardarku yau, da yawanmu muna yawo a haka bamu sani ba. Masu kai abinci kuma nasu ma daban ne gaba ɗaya. Waɗannan biyun suka kai kuɗin fam 214, a ciki har da harajin gwamnati na inshora kashi 12 cikin ɗari. Ya kuma karanto min cewa kuɗin da ni zan fara biya daga aljihuna in wani abu ya faru, eksas kenan, ya tashi daga fam 250 zuwa 500, kuma in aka sace shi a gida da dare ba a ɗaure ba kar in sa rai. Wannan ba kuɗi bane da ka fitar a ranar amma tsada ce, ka biya ƙari kuma an rage maka abin da za a baka.

Sannan yace sai kuɗin gyaran takarda fam 35. Nan na tsaya. Daren Laraba na zauna na karanta takardar sharuɗɗan dillalin da suka turo min tun Oktoba wadda ban taɓa buɗewa ba, akwai wani ɗan jadawali a shafi na uku da aka jera kuɗin komai, gyara ta waya 35, gyara da kanka a intanet 20, sokewa 50. Nace masa ranar Litinin na gwada da kaina shafinku ne ya ƙi ya turo ni waya, dan me zan biya kuɗin waya, kuma wata ɗaya da ya wuce kun karɓi 35 a hannuna dan kawai na gaya muku na ci jarrabawa. Ban ɗaga murya ba, na dai maimaita sau biyu. Ya ce in jira, ya je ya dawo yace shugabarsa ta yarda a yi 20, ta watan Mayu kuwa ta riga ta wuce. Yaya ya taɓa gaya min in kana da ƙorafi na gaske kana rubuta musu, suna da sati takwas su baka amsa, in bata gamsar da kai ba akwai ofishin sasanci na harkar kuɗi da zaka kai kyauta, amma ni na duba na ga kuɗin a rubuce yake kuma na sa hannu, ba ni da hujja. Abin da yake min ciwo kawai da ace nasan zan canja mashin bayan wata ɗaya, da tun a kiran Mayu na tambaye su nawa zai kama in na koma 500, da duk wannan bai zo min bagatatan ba.

Gaba ɗaya 234. Yace a raba min akan biya biyun da suka rage, nace da ruwa ko babu, yace da ruwa. Nace a'a cire a kati yanzu. Kuɗin da muka ware na sayayyar wata ne na taɓa, Maman Ummi tace ba komai akwai shinkafa da taliya za su kai mu.

Ko da na dawo na sake auna ta da sokewa, bambancin bai kai yadda na zata ba, sokewa zata ɗan fi sauƙi a wata huɗun farko amma in rasa shekara ta biyu ta rangwame, da na gwada farashi da shekara ɗaya da kuma shekara biyu tazarar ta kai wajen fam ɗari. Kusan kunnen doki ne. Abin da ya raba min gardama shi ne sabuwar inshora a watan Yuni tana nufin sabon bashi da ruwa na wata goma dan ba ni da 690 a hannu, ita kuwa wannan in na daure zuwa Oktoba kwasata ta adashi tana zuwa a Satumba.

Wani abin da mutane basa tunawa shi ne lokaci. Ya tambaye ni ƙarfe nawa canjin zai fara, nace Asabar sha ɗaya na safe. Daga wannan minti ƙaramin mashin ɗina ba shi da inshora ko kaɗan. Na tambaya ko za su bar min shi ko na sati ɗaya in samu in sayar, yace wannan kamfanin baya yi. A nan kuma doka bata yarda abin hawa ya zauna ba inshora ba ko da a ajiye yake, sai dai ka cire shi daga titi ka sanar da hukumar rajistar ababen hawa ta DVLA, abin da ake cewa SORN, in ba haka ba wasiƙa zata zo da tarar fam 100. Juma'a da dare na tura CB125F ta lungu na shigar dashi baya, Asabar da safe na yi SORN a waya kyauta ne minti biyu. Bayan 'yan makonni sai ga ambulan daga ofishin DVLA na Swansea, cak na fam 6, ragowar harajin titi na wata uku da suka rage. Shi kaɗai ne kuɗin da ya dawo hannuna a duk wannan hidimar.

Preston a jirgin ƙasa na tafi, hular kwano a hannu jaket a jiki mutane suna ta kallona. Dattijon ya haɗa min shayi, muka cika canjin suna a kwamfutarsa, ya yago min koriyar takardar nan ta jikin V5C, takardar rajistar mashin. Harajin titi baya bin mashin in an sayar tun 2014, sai sabon mai shi ya biya nasa kafin ya motsa, na sa lambobi goma sha biyun da ke jikin koriyar takardar na biya fam 84 a tsaye a ƙofar garejinsa, dan injin 471 ne ya faɗa layin 401 zuwa 600. Sha ɗaya saura kwata muka gama komai, na zauna akan katangarsa ina kallon agogo har sai da ta buga, na buɗe imel na ga sabuwar takardar inshora da sabuwar lamba na karanta harafi-harafi sannan na tada shi. Wani zai ga kamar tsoro ya yi yawa, amma hawa ba inshora tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi a lasinka kuma su ɗauke mashin, sabon lasin kuwa in ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko ƙwace shi ake yi ka koma koyo daga farko. Mu da muke kan biza bama son sunanmu ya shiga kowane irin littafi.

Na duba shafin askMID, inda ake ganin ko abin hawa yana da inshora, kafin in tashi lambar bata fito ba tukuna, yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ta hau rumbun da kyamarorin 'yan sanda suke dubawa, dan haka na ajiye hoton takardar a fuskar wayata. Na hau M6 na gangaro M61, karo na farko a rayuwata, iska tana dukan ƙirjina ina ta hasbunallahu, na wuce mahaɗar da zan dinga sauka in zan je aiki na ga ashe abin da nake yi a kusan awa guda bai fi rabin haka ba. Sai ranar Litinin da yamma lambar ta fito a shafin. A ranar ne kuma na tuna da masu ɗaukar mashin in ya mutu, na kira na tarar har lokacin tsohuwar lamba ce a wajensu, aka gyara, wannan basu karɓi komai ba.

Ƙanina da ke Kano da nake ba shi labari a waya dariya ya dinga yi yana mamaki, yace shi tasa naira dubu uku ce a shekara tun da aka ƙara kuɗin a farkon 2023, in ya canja mashin sabuwa kawai yake yanka. Nace masa ai taka ta wanda ka buge ce kawai, kuma ka tabbatar ma ta gaskiya ce ba wadda ake bugawa a bakin ofishin lasin ba.

In na haɗa, inda na sa ran fam ɗari na kashe 234 wajen dillali, 140 a sarƙa da ƙarfe, 84 haraji, ga 35 ɗin Mayu, ban sa kuɗin jirgi ba. Ƙaramin ya yi sati uku a baya su biyu a matse kamar awaki a turke, duk wanda ya zo gani sai dai ya tada shi ya ji ƙarar inji dan ba halin ya zaga dashi, mutum biyu sun fasa saboda haka. A ƙarshe wani ɗalibi ɗan Katsina ya saya, na ce masa ba zai fita dashi daga lungun nan ba sai na ga takardar inshorarsa da idona, ya zauna a kicin ɗinmu ya yanka a waya Maman Ummi ta zuba masa tuwo yana ci yana amsa tambayoyi.

A Satumba na kira na ce kar su sabunta min da kansu, dan in baka hana ba haka suke yi su cire kuɗi. Wasiƙar sabuntawarsu ta zo da fam 940. Na nemi takardar shaidar rangwame, ta zo da lamba 2 a jiki, na koma shafin kwatanta farashi sati uku kafin ranar cikawa na samu 585 a wani kamfanin, da goyo da harkar aiki duk a ciki. Kwasata ta adashi ta shigo ranar Alhamis, Juma'a bayan an sauko daga masallaci na biya gaba ɗaya a take, ba wata-wata ba ruwa.